Yadda ake koyon jifan besbol irin na Cy Young

Yaron da ya taso yana jifan magarya da kanya a bayan gari ya riga ya san rabin aikin mai jifa a wasan besbol, inda ake jefa ƙwallo, abokin hamayya ya yi ƙoƙarin dukanta da gora. Ragowar rabin shi ne saiti, kuma a nan mafi yawa suke faɗuwa. Sabon shiga burinsa ƙwallo ta yi ƙara a hannun mai cafewa, ba ruwansa da inda ta dosa.

Denton True Young, wanda aka fi sani da Cy Young, shi ma da ƙarfi ya fara. An haife shi a 1867 a ƙauyen Gilmore na jihar Ohio a Amurka, ɗan manoma ne, kuma laƙabin nasa an gutsuro shi ne daga kalmar Turanci mai nufin guguwa. Amma saiti ne ya riƙe shi a fili daga 1890 har 1911. Ya ci wasa 511, ya kammala 749 ba tare da an canje shi ba, kuma har yau ba wanda ya kamo shi a ko ɗaya. A ƙa'idar besbol, in jifa huɗu suka kauce wa hurumi, wato sararin da ake so ƙwallo ta bi ta gaban mai duka, kuma bai kai musu duka ba, sai ya wuce tasha ta farko cikin huɗun da ake zagayawa don cin maki, a ɓagas. A 1904 Young ya jefa zagaye 380 (zagaye yana ƙarewa ne in an fitar da masu duka uku), mutum 29 kacal suka samu wannan garaɓasar a hannunsa. Wannan ne abin koyi.

Fara da awo, da tef na magina, ba da taku ba. Daga gaban matakin da mai jifa ke dogarawa zuwa tsinin bayan faranti, wato alamar ƙasa da mai duka ke tsayawa a gefenta, mita 18.44 ne. An tsayar da wannan nisa tun 1893, Young yana tsakiyar ganiyarsa a ƙungiyar birnin Cleveland. An ja masu jifa baya da ƙafa biyar, amma duk da haka ya ci wasa sama da 30 a shekarar. Yara 'yan ƙasa da 13 mita 14 ne nasu. Faɗin faranti santimita 43, matakin kuwa 61 a tsawo, 15 a faɗi, kuma guntun katako da aka binne daidai da ƙasa ya wadatar. Tudun da manyan masu jifa ke tsayawa a kai santimita 25 ne tsayinsa, amma mai koyo bai buƙatarsa a watannin farko.

Abin da zai dame ka a yawancin filayen makarantu na Sakkwato shi ne rairayi. Kafin jifa ashirin ƙafar gaba ta haƙa rami, daga nan kowane taku zamewa ne, saiti kuma ya tafi. Ka kwashe yashin wurin saukar ƙafa kamar zurfin taƙi ɗaya, ka cika da laka ko jar ƙasa, ka yayyafa ruwa ka daɓe sosai. Kafin kowane atisaye a sake yayyafawa, kada dai ya yi caɓi.

Ƙwallon ba ta kai giram 150 ba, fata biyu ce aka haɗa da jan zare. Nemi inda ɗinkin ya lanƙwasa kamar harafin C, ka gitta manuniya da yatsan tsakiya a kansa, tsakaninsu ratar da ba ta wuce kaurin yatsa ɗaya ba. Babban yatsa yana ƙasa, daidai tsakiyar biyun na sama. Dole a ga haske tsakanin ƙwallo da tafin hannu. Riƙon kamar na nunannen tumatir ne: in ka matse, wuyan hannu ya sandare, ƙwallo ta rasa juyi. In kuma ta nutse cikin tafi, gudunta ya ragu. Wannan kuskuren shi ne daga baya ake mayarwa dabara, a riƙe da yatsu uku a jefa da saurin hannu iri ɗaya, mai duka ya kai gora tun ƙwallo ba ta iso ba.

Ga na-dama, bahago sai ya juya komai. Gefen ƙafar dama ya jingina da gaban mataki, kafaɗar hagu tana kallon mai cafewa. Ɗaga gwiwar hagu zuwa ƙugu, ka iya tsayawa a haka daƙiƙa biyu ba tangaɗi. Wanda ya kasa wannan kada ya je gaba, ya yi ta maimaitawa ba ƙwallo. Sannan ka tura da ƙafar dama, ka yi taku mai ɗan gaza tsawon jikinka, a kan layin da ka ja da sanda daga mataki zuwa faranti. Lokacin da ƙafar hagu ta taɓa ƙasa, gwiwar hannu ta riga ta kai tsayin kafaɗa. Ƙugu ne ke fara juyawa, ƙirji ya biyo, hannu ya zo ƙarshe kamar bakin bulala, ya sauka a wajen gwiwar hagu.

Ƙwallo ita ke faɗa maka laifinka. Idan tana tashi sama ta ɓangaren hannun jifa, kafaɗar hagu ce ke buɗewa da wuri, hannu ya makara. Idan tana cin ƙasa kafin faranti, ka daɗe ba ka sake ta ba, ko takun ya yi tsawo. Idan yau dama gobe hagu, duba sawunka a kan laka: in ba wuri ɗaya suke ba, matsalar a ƙafa take, hannu ba shi da laifi. Zafi a cikin gwiwar hannu kuwa ba a jure shi, a ajiye ƙwallo a ranar.

Hurumin jifa faɗinsa na faranti ne, tsayinsa daga ƙasan ƙoƙon gwiwa zuwa tsakiyar gangar jiki. Zana shi da gawayi a kan tsohuwar tabarma ko buhu, ka rataya nesa kaɗan da bango, domin siminti yana cinye fatar ƙwallo. Tsaya a mita 10, ka jefa 30, wani yana ƙirga. Ranar da 20 suka shiga, ja baya da mita biyu. Idan ka kai cikakken nisa, raba hurumin gida huɗu ka riƙa kiran gidan da za ka jefa kafin ka jefa. Jifa mai lanƙwasa a bar shi tukuna. Wanda bai iya miƙaƙƙe ba, karkatacce wahalar da gwiwar hannunsa kawai zai yi.

Abin da ba a kwaikwaya a wurin Young shi ne yawan aiki. A 1892 ya jefa zagaye 453, fiye da ninki biyu na abin da gwanayen yau ke yi, jikinsa kuma na mai noma da faskare ne. Ko a ranar 5 ga Mayu 1904, da ya fitar da masu duka 27 na ƙungiyar Philadelphia a jere ba wanda ya taka tasha, shekarunsa 37, jiki ya daɗe da ƙosawa. Yaro ƙashinsa bai gama haɗewa ba. Ƙa'idar Little League, ƙungiyar besbol ta yara, ta kayyade jifa 75 a rana ga 'yan shekara 9 da 10, 85 ga 'yan 11 da 12, 95 ga 'yan 13 zuwa 16. Ɗan ƙasa da 15 da ya jefa 66 ko fiye zai huta kwana huɗu cur. Malamin wasanni ya riƙe littafi ya rubuta, don yaro ba zai taɓa cewa ya gaji ba.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, atisaye bayan Asuba ne ko bayan La'asar, da jarkar ruwa a gindin bishiya. Hunturu nasa ciwon daban: kan yatsu ya bushe ya tsage daidai inda ɗinki ke goga, ƙwallo kuma ta yi santsi da ƙura. Shafa man kaɗanya da dare, ka wanke shi tas kafin ka fito, domin doka ta hana maiƙo a jikin ƙwallo. Safar cafewa in igiyarta ta tsinke kada a yar. Kai wa baduku da guntun tsohuwar igiyar ya ga kaurinta, ya yanka maka irinta, ya bi ramukan da suke nan.