In mai wa'azin ƙiyayya ya mutu, ya Kirista zai yi?

Abu na farko dai ka aje waya. Da gaske nake. Ranar da labari ya fito cewa wani mai wa'azi da ya daɗe yana zagi da tsine wa mutane ya mutu, hannu ƙaiƙayi yake yi, kana so ka hau Facebook ka rubuta "Allah ya ƙara" ko ka sa hoton dariya a WhatsApp. Kar ka yi. Na ɗaya wataƙila ma bai mutu ba, sau nawa aka kashe mutum a intanet washegari ya fito yana magana. Na biyu, nan Kano muke, garin da a Oktoban 1991 rikici ya tashi kan zuwan Reinhard Bonnke, mai wa'azin Kirista ɗan Jamus, aka yi asarar rayuka da dukiya, duk wanda ya girma a Sabon Gari ya san magana ɗaya tana iya hana mutum dubu fita kasuwa. Kai ka rubuta a ɗaki, wanda zai sha wahalar kuma wata ce mai sayar da abinci a bakin titi da ba ta ma san me ka rubuta ba.

Sannan ka duba zuciyarka ba tare da ƙarya ba. In ka ji wani sauƙi ya sauko maka, kar ka ce shikenan ka zama mugu, Karin Magana 11:10 ma ta faɗi cewa gari yakan yi sowa in mugaye sun hallaka. Amma littafin nan dai a 24:17 ya hana ka murna da faɗuwar maƙiyinka, Ezekiyel 33:11 kuma Allah da kansa ya ce ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ya fi so ya juyo ya rayu. Toh abin da Ubangiji bai ji daɗinsa ba kai ne za ka yanka kaza a kai? Sauƙin da ka ji, ka kai shi cikin addu'a, ka faɗa wa Allah yanda mutumin ya ƙona maka rai, a nan ne wurinsa.

Kar kuma ka wuce gona da iri ka fara wanke shi. Mu nan da mutum ya mutu sai kowa ya ce ai mutumin kirki ne, ko da jiya-jiya ya gama tsine mana. Bulus bai yi haka ba, a 2 Timoti 4:14 ya kira sunan Iskandari maƙeri ya ce ya cuce shi ƙwarai, sannan ya bar wa Ubangiji sakamako. In an tambaye ka, ka ce koyarwarsa ta cutar da mutane, ka tsaya nan. Inda ya tafi ba kai ke riƙe da makulli ba. Kuma fa wannan har da in namu ne, don akwai fastocin da ke hawa bagadi su zagi maƙwabtanmu Musulmi, in irinsu ya mutu ma'aunin ɗaya ne.

Akwai wani a Amurka, Fred Phelps, na cocin Westboro Baptist a garin Topeka, shi da mabiyansa har wurin jana'izar sojoji suke zuwa da alluna suna cewa Allah ne ya hukunta ƙasar, iyaye na kuka su suna ihu. Ya mutu ranar 19 ga Maris 2014. Kowa ya zaci za a rama, amma da mabiyansa suka sake fita zanga-zanga bayan kwana biyu, wasu suka tsaya a tsallaken titi da ƙyalle an rubuta musu gaisuwar rashi. Ni dai wannan ya fi burge ni fiye da duk wata doguwar huɗuba.

Haka za ka yi in kana da maƙwabci ko abokin shago a Kantin Kwari da yake bin mamacin. Sannu da rashi, Allah ya ba da haƙuri, ka wuce. Ba ka yarda da wa'azinsa ba don ka gaishe su, 'ya'yansa uba suka rasa. Dauda ma da ya ji mutuwar Saul, mutumin da ya yi ta farautarsa shekara da shekaru, yage tufafinsa ya yi, ya yi azumi har yamma.

Wanda aka fi mantawa da shi shi ne wanda wa'azin ya taɓa kai tsaye, wadda aka kora daga gida, wanda aka ƙona wa shago. Kar ka je kana tsawata mata da Matiyu 5:44, inda aka ce a ƙaunaci maƙiya, tun ba ta share hawaye ba. Ku tara 'yan zumuntar mata ku hau adaidaita sahu ku je, ku zauna, ku bar ta ta yi magana ko da maganar ta yi ɗaci. Fasto kuma ranar Lahadi ya ja kunnen matasa kan bidiyoyin mamacin, don yanzu ne za a fara tura su sosai, in ya shigo wayarka ka goge, kar ka tura wa kowa ko da da sunan "ku ga abin da ya faɗa".