Kurakuran da ɗalibai ke maimaitawa wajen tsara takarda mai ninki uku

Na daɗe ina koya wa ɗalibai a nan Maradi tsara takardar talla ko ta faɗakarwa mai ninki uku, wadda muka fi sani da depiliyan, kuma duk ajin da ya zo sai ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa.

Babban kuskuren shi ne a hau kwamfuta kafin a ninke takarda da hannu. Takardar A4 tsawonta milimita 297 ne, faɗinta 210, kuma idan aka kwantar da ita aka ninke uku za ta ba da fuska shida. A gefen waje, bangon gaba yana hannun dama, bangon baya yana tsakiya, fuskar da ke shigewa ciki kuma tana hagu, amma ɗalibi sai ya fara daga hagu kamar mai rubuta wasiƙa. Ni kaina wannan kuskuren ya taɓa cin kuɗina. Wasu mata masu sarrafa gyaɗa sun ba ni aikin tallar mansu da ƙuli-ƙulinsu, na tsara a allo ya yi kyau, na kai maɗaba'a aka buga kwafi 500. Sai da yaron maɗaba'ar ya ninke ta farko a gabana na ga jerin farashi ne a bangon gaba, sunan ƙungiyar kuwa ya shige ciki. Daga aljihuna na biya aka sake bugawa, kuma ban manta da kunyar da na ji a gaban dattijuwar da ta damƙa mini aikin ba. Tun daga ranar, babu wanda ke kunna kwamfuta a ajina sai ya ninke farar takarda, ya rubuta 1 zuwa 6 da fensir yadda mai karatu zai buɗe ta, sannan ya warware ya ga inda kowace lamba ta faɗa. Fuskar da ke shigewa ciki ina sa a ba ta milimita 97, sauran biyun 100 kowace, don kada ta yi kumburi a ninki.

Na biyu shi ne wulaƙanta haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ɗalibi zai zaɓi salon rubutu mai ado wanda ba shi da su, sai su fito kamar ƙananan akwatuna, ko kuwa ya cire lanƙwasar gaba ɗaya don ya huta. Ku ji tsoron Allah, ɗalibai! Wanda ya rubuta "kara" a wurin "ƙara", ko "daki" a wurin "ɗaki", ya canza magana, kuma mutumin da ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci abin da ya gani shi zai karanta. A gwada haruffan huɗu tun kafin a fara aiki, sannan a kai wa maɗaba'a PDF, domin fayil ɗin Word yana sauya kama idan aka buɗe shi a wata kwamfutar.

Sai cusa magana. Na ba da aikin faɗakarwa kan zazzaɓin cizon sauro kafin damina, wata ɗaliba ta kwafo darasin kimiyya sukutum, da sunan ƙwayar cutar da Latinanci, ta ƙanƙance rubutun don ya shiga. Na ce mata: "Ƴata, uwar da za ta karɓi wannan a Tibiri ko Madarunfa, da goyo a baya, me kike so ta yi?" Ta ce ta kwantar da yara cikin gidan sauro, ta kai su likita da zarar jiki ya yi zafi. To, wannan shi ne saƙon, sauran a zubar. A ajina ban yarda girman haruffa ya yi ƙasa da lamba 11 a ma'aunin kwamfuta ba, ko da wasu malaman suna karɓar 10.

Hoton da aka ciro daga WhatsApp an riga an matse shi, zai fito dishi-dishi, don haka a nemo na asali. Launi biyu ko uku sun isa, kuma a gwada fotokwafi baƙi da fari, tunda da shi yawanci za a yawaita takardar. A bar aƙalla milimita 5 tsakanin rubutu da bakin takarda. Lambar waya a Nijar alƙaluma 8 ce, kuma ina sa ɗalibi ya kira wadda ya rubuta a gabana, mu ji ta shiga, kafin in sa hannu a kai aikin maɗaba'a.