Garin miyar kosha: inda masu saye suke tafka kuskure

A manyan kantunan New York da Landan akwai ɓangaren da ake jera kayan abincin kosha, wato abincin da ya dace da dokokin addinin Yahudawa. A nan ake samun garin miya na kamfanoni irin su Osem da Telma na Isra'ila, da Manischewitz da aka kafa a Amurka tun 1888. Cokali ɗaya a kofin ruwan zafi, romo ya haɗu. Iyalan Yahudawa suna yawan amfani da shi, musamman ranar Juma'a da ake rige-rigen gama girki kafin rana ta faɗi Asabar, ranar hutunsu ta addini, ta shiga. 'Yan uwanmu mazauna can ma sukan ɗauka idan ba su samu mai tambarin halal ba. Sauƙi kam akwai shi. Matsalar tana wurin abin da mutane suke zaton sun saya.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar tambarin kosha a matsayin shaidar lafiya. Harafin U da ke cikin da'ira, tambarin ƙungiyar Orthodox Union, abin da yake tabbatarwa shi ne an bi dokar addini: babu alade, ba a haɗa nama da madara ba, an sa ido a kan injinan masana'anta. Bai ce komai ba game da yawan gishiri ko mai. Juya kwalin ka karanta jerin kayan haɗi, wanda ake rubutawa daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Sau da yawa gishiri da sitaci ne a sahun gaba, sai farin magi, sukari da mai, busasshiyar albasa da ganye kuma suna can ƙarshe.

Sai batun kaza. Za ka ga ruwan miya rawaya a jikin gwangwani, an rubuta ɗanɗanon kaza, amma kusa da tambarin an sa Pareve. Wannan na nufin babu nama babu madara a ciki, don a iya zuba shi a kowane irin girki. To ka ga ashe babu kaza ke nan. Launin yakan fito ne daga kurkum ko wani abin rini. Mai dafa wa marar lafiya ko yaro wannan romo da tunanin zai ƙara masa ƙarfi, ruwan gishiri mai ƙamshi ya ba shi. Gyaran ba wuya: a tafasa cinyar kaza ko a fasa ƙwai a ciki, a zuba wake ko sha'ir, a yanka karas, albasa da kabeji. Ɗan ƙarin lokaci ne bambancin, kuma a nan ne abin ya zama abinci.

Inda aka fi cutuwa shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, kimanin miligiram 2,000 na sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri. Lambar da ke jikin kwali kuwa ta kofi ɗaya ce, galibi ƙaramin cokali guda na garin. Wa yake tsayawa a kofi ɗaya? Mai jin yunwa kwano yake cikawa, kofi biyu ke nan ko fiye, sai a ninka lissafin. A Amurka ana rubuta kason da abincin ya cinye daga miligiram 2,300 na yini, kuma duk abin da ya kai kashi 20 cikin 100 ana lissafa shi mai yawa. A Birtaniya gishirin kansa ake rubutawa. Idan kana son kwatanta biyun, ninka sodiyam sau biyu da rabi, ya ba ka gishiri.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne yawancin masu girki ba ma miya suke yi da shi ba. A Isra'ila ana barbaɗa shi a shinkafa, dankali da kaza, kamar yadda uwargida take marmasa dunƙulen magi a tukunya. Sai a zuba garin, a ƙara gishiri, wani ma ya jefa dunƙule a kai. Zaɓi ɗaya. Fara da rabin abin da kwalin ya ce, kada ka taɓa gishiri sai girki ya nuna ka ɗanɗana. Tafarnuwa, citta, masoro da ɗan lemon tsami suna cike giɓin. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda kuwa, ya nuna wa likitansa kwalin tukuna.

Wasu suna ganin an rubuta babu farin magi sai hankalinsu ya kwanta. A gaskiya sodiyam ɗin da ke cikin farin magi bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ke cikin gishiri ba, don haka cire shi ba ya nufin an rage gishiri. Lambar sodiyam za ka duba. Haka ma garin da ake yi don Idin Ƙetarewa na Yahudawa, mai harafin P: an dai canza sitacin, galibi zuwa na dankali, saboda dokar idin.

Ga Musulmi akwai ƙarin abin lura. Kosha ba halal ba ce kai tsaye, domin dokar Yahudawa ba ta haramta giya ba. Garin da aka rubuta wa Pareve ya raba ka da tambayar yanka tunda babu nama a ciki, amma duk da haka karanta jerin kayan haɗi har ƙarshe. Wanda aka rubuta wa Meat kuwa akwai nama ko kitse a ciki, hukuncinsa sai ka tambayi malaminka kafin ka saka a kwando.