Darasi na 7: Shawarar da ba ta jin jiƙo

To jama'a, duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar rago ranar Babbar Sallah ya san matsarmama, 'yar jakar nan koriya da ke manne da hanta wadda mahauci ke lallaɓawa kar ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. To mu ma muna da ita. Ruwan ɗacin yana bin wata siririyar hanya ya gangara ƙaramin hanji, dab da shiga sai ya haɗu da wata hanyar da ta taso daga fankiriyas, wato tsokar nan ta bayan tumbi mai yin insulin (sinadarin daidaita sukarin jini) da ruwan narka abinci. Mahaɗar 'yar mitsitsiya ce, likitoci na ce mata amfula.

Wani lokaci tsiro kan fito daidai nan. Sau da yawa da farko ba daji ba ne, adinoma ake kiransa, amma in an bar shi shekara da shekaru yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji. Ba cuta ce mai yawa ba, ta fi kama waɗanda suka haura 60.

Da yake wurin matsattse ne ko ƙaramin tsiro sai ya toshe shi, ɗaci ya rasa hanya ya koma cikin jini, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, bayan gida ya yi fari-fari kamar farar ƙasa, ga ƙaiƙayi dattijo ya kwana yana susa har da goga jiki a bango, ga rama, kuma sau da yawa babu wani ciwon ciki. Mu kuma me muke yi? Sai a ce ai shawara ce, a jiƙo rawaya. Abin haushin ma shawarar takan lafa ta dawo, sai a ce jiƙo ya yi aiki. Jiƙo fa ba ya buɗe hanyar da tsiro ya toshe.

A asibiti za a gwada jini a yi hoton ciki, sannan a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a gutsuro ɗan naman a auna. In adinoma ce sau da yawa ta bututun ake cire ta. In daji ne sai babbar tiyata, aikin Whipple, sunan likitan Amurka da ya bayyana shi a 1935. An fi samun sa'a in bai bazu ba.

Aikin aji: rubuta alamomi 3 da za su sa ka kai Baba asibiti yau, ba gobe ba.