Kurakuran da ke kashe filafilin kwale-kwale tun bai taɓa ruwa ba

Mai sha'awar sassaƙa filafili a Kano yakan fara yin kuskure ne a gaban mai sayar da katako, tun bai ɗauki gizago ba. Ya je 'Yan Katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo, ya ga falanki mai kyan launi, ya biya, washegari ya hau sassaƙa. Alhali yawancin katakon nan daga kudu ake kawo shi, da damshinsa a ciki. Da hunturu ya busa sai ka ga ƙotar ta lanƙwashe kamar baka, tafin kuma, wato faffaɗan ɓangaren da ke shiga ruwa, ya tsage tun daga baki.

Maganin wannan haƙuri ne da sikeli. Ka shafe bakunan falankin biyu da narkakken kyandir ko tsohon fenti, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsaga take farawa. Ka kwantar da shi a inuwa, kan 'yan sanduna uku ko huɗu don iska ta ratsa ƙarƙashinsa, ka ɗora masa wani abu mai nauyi. Kada ka shanya shi a rana. Duk mako ka auna nauyinsa ka rubuta a jikinsa da fensir. In ya yi mako uku bai ragu ba, ya isa aiki. Katakon bishiyar melina ya fi buƙatar wannan, don yana da jinkirin bushewa ƙwarai, amma in ya bushe bai cika lanƙwashewa ba.

Akwai masu ganin cewa itace mafi ƙarfi shi ne mafi kyau, sai su nemi kirya ko marke. Kirya ta turmi da taɓarya ce. Filafili kuwa abu ne da hannu zai ɗaga ya sauke ɗaruruwan lokuta kafin a tsallake wani sashe na madatsar ruwa ta Tiga ko ta Challawa, saboda haka in ya haura kilo ɗaya kafaɗa ce za ta biya. Rimi da obece kuma sun yi laushi, ruwa na cin su da wuri. Mahoganin kudu ko melina su ne tsaka-tsaki. Maɗacin gida zai yi, sai dai ya fi nauyi, kuma jijiyarsa a sarƙe take, tana yagewa in wuƙa ba ta da kaifi.

Jijiyar nan ita ce abin dubawa fiye da launi. Ka nemi falanki mai tsawon ƙafa 6, faɗin inci 6, kaurin inci 1 da kwata, ka kalli gefensa: layukan su tafi a miƙe daga wannan baki zuwa wancan. In sun karkace sun fita ta gefe a inda ƙota za ta faɗa, nan ne filafilin zai karye ranar da aka danna shi da ƙarfi. Ƙulli a tsakiyar tafi ana iya haƙuri da shi in ƙarami ne. A ƙota ko wuya, wato inda ƙota ta haɗu da tafi, a'a. Haka ma falankin da zuciyar bishiyar ta ratsa cikinsa, ka bar wa mai shi.

Tsawo ma ana yawan kwafo shi daga filafilin wani, bayan kowa da tsawon gangar jikinsa. Zauna a kan benci ka miƙe bayanka, a auna daga benci zuwa idonka. Wannan ne tsawon ƙota daga mariƙi, wato kan ƙotar da hannun sama ke riƙewa, zuwa wuya. Sai ka ƙara tafi, inci 22 zuwa 26. Faɗinsa kada ya wuce inci 6. Tafi mai faɗi da yawa yana kamo ruwan da hannu ba zai iya ja ba.

Sai kuskuren da ya fi ba mu takaici, domin fensir kaɗai zai hana shi: sassaƙa ba layin tsakiya. Kafin zarto ya taɓa falankin, ka ja layi a tsakiyar fuska biyun. Bayan ka yanke siffar, ka ja wani a tsakiyar gefen, ya zagaye filafilin kaf. Zanen tafin kuma rabi za ka yanka a kwali, ka zana dama, ka juya kwalin ka zana hagu. Duk lokacin da layi ya goge, ka mayar da shi nan take. In ba haka ba fuska ɗaya za ta fi ɗaya kauri, sai filafilin ya riƙa murɗewa yana karkarwa a cikin ruwa, mai tuƙi ya rasa dalili.

Wurin rage tafi, kada ka mayar da shi faranti mai kauri ɗaya. Gefe da baki su tsaya a kwatan inci, tsakiya ta fi tudu, tudun ya riƙa ƙaruwa har ya narke cikin ƙota. Wuya shi ne inda duk ƙarfin ja yake taruwa, masu son kyan gani kuma suna ƙwaƙule shi har ya zama siriri. Ka bar masa nama.

Ita ƙota ba a zagaye ta kai tsaye da magagari, za ta fito da tudu da kwari. A fara da kusurwa 4, a sare su su zama 8, sannan 16, sai sanfefa ta ƙarasa. Kuma ba da'ira ake so ba, siffar ƙwai ce: inci 1 da kwata daga gaba zuwa baya, ƙasa da haka kaɗan ta gefe. Sanfefa lamba 80, sai 120, sai 220, a bi jijiya. Kafin ta ƙarshe ka shafa jiƙaƙƙen tsumma ka bari ya bushe, gashin itacen zai tashi ka goge shi.

In haɗa katako biyu ko uku za ka yi don samun faɗin tafi, farin gam na kafintoci ba ya jure jiƙa. Gam ɗin efoksi mai haɗi biyu ake sawa. Ɗan kaɗan daga cikinsa kuma ka shafa a bakin tafin, inda yashi da duwatsu ke ci.

Man gyaɗa da man kaɗe ba sa bushewa a jikin itace, sai danƙo da tara ƙura. Tafi da rabin ƙota banish suke so, wato man ƙyalli na katako, shafi 3 ko 4, na farko a tsinka shi da tina, ruwan tsinka fenti, don ya shiga ciki, a jira kowane ya bushe a ɗan goge shi kafin na gaba. A lokacin hunturu ka yi shafin a ɗaki rufe, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Mariƙi kuwa man linsid, man shafa katako mai bushewa, ya fi masa, domin banish yana sa tafin hannu bororo. Tsumman da ka shafa linsid da shi kada ka dunƙule ka jefa cikin tarin ɓawon katako, yana iya kama wuta da kansa. Ka baza shi a waje ko ka tsoma shi a ruwa.

Bayan an dawo daga ruwa a goge filafilin, a rataye shi ta mariƙi a inuwa. Jingina shi da bango wata da watanni na lanƙwasa ƙota, ajiye shi a ƙasa kuma gayyatar gara ce. In kwale-kwale ya maƙale a tudun yashi, da gora ake tura shi.