Yadda Ake Rarraba Zanen Yatsu Kafin a Tantance Mutum

Kafin ka sanya wa zane suna, fara neman mararrabarsa, wato wurin da layukan fata ke rabuwa gida uku. Ita ce alƙali. Zanen baka, wanda layukansa ke shiga ta gefe ɗaya su ɗan yi tudu su fita ta ɗayan gefen, ba shi da mararraba, kuma bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Madauki yana da guda ɗaya, layukansa na lanƙwasawa su koma inda suka fito. Shi ne mafi yawa, kashi 60 zuwa 65. Zobe kuwa, wanda layukansa ke zagayawa kamar da'ira, yana da biyu, kashi 30 zuwa 35.

Yawancin kurakurai tun wajen ɗaukar zanen ake yin su. A mirgina yatsa daga gefen farce zuwa ɗaya gefen, sau ɗaya tak, ba komawa baya. Wanda ya tsaya a rabin hanya zai bar mararraba ɗaya a waje, sai zobe ya fito kamar madauki, katin da aka ɗauki zanen a kai ya faɗa rukunin da ba nasa ba. Tawada in ta yi yawa, ko aka danna da ƙarfi, sai ta cike kwarin da ke tsakanin layuka, komai ya dame.

Ga madauki, duba inda bakinsa ya buɗe, wajen babban yatsa ko wajen ƙarami. Wannan ba ya yiwuwa sai ka san hannun da zanen ya fito. Sannan ka sa gilashin ƙara girma, ka ja miƙaƙƙen layi daga mararraba zuwa cibiya, wato tsakiyar zanen, ka ƙirga layukan da ya ratsa, ban da su biyun.

Tsarin Henry na rarraba katunan zane, wanda Edward Henry ya kafa tare da Azizul Haque da Hem Chandra Bose a Kalkata ta Indiya, Scotland Yard, wato rundunar 'yan sandan London, kuma ta ɗauka a 1901, zobe kaɗai yake bai wa maki a matakin farko. Yatsu suna da lamba 1 zuwa 10, daga babban yatsan dama zuwa ƙaramin hagu. Na 1 da 2 maki 16, na 3 da 4 maki 8, sai 4, 2, 1 a haka bibbiyu. Tara makin yatsu 2, 4, 6, 8, 10 ka ƙara 1 ka rubuta a sama. Sauran ma haka a ƙasa. Misali, zobe a manunin dama da manunin hagu kawai zai ba ka 17/3. Rukunai 1,024 ne, daga 1/1 zuwa 32/32.

Amma fa rukuni ɗaya bai sa mutum biyu su zama ɗaya ba, rage yawan katunan dubawa kawai yake yi. Tantancewa sai an gwada ƙananan alamu, inda layi ya yanke da inda ya rabu biyu, ko da kwamfuta ce ta zaƙulo sunayen, sannan ƙwararre na biyu ya sake dubawa shi kaɗai kafin a sa hannu.