Darasi na 9: "Akwai" da "Babu" a Turanci

Bahaushe dai ya huta. Ko akuya ɗaya ce a turke, ko garke ne guda, "akwai" zai ce ya wuce. A Turanci kuwa sai kun ƙirga kafin ku buɗe baki. In abu ɗaya ne, ku ce there is. In ya kai biyu zuwa sama, there are.

There is a goat in the house. Akwai akuya a cikin gida.
There are three goats in the house. Akwai awaki uku a cikin gida.

Kada there ta ruɗe ku. A wani wurin ma'anarta "can", amma a nan ba nuni take yi da komai ba, share fage kawai take yi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen kuɗi. Mu cewa muke "kuɗin sun ƙare", kamar jama'a ce ta watse, shi ya sa bakinmu ke saurin zamewa zuwa there are money. Kuskure ne. Bature ya ɗauki money tamkar ruwa ko gishiri, abin da ake aunawa, ba a ƙirga shi ɗai-ɗai. Duk irin waɗannan is suke ɗauka: water, rice, oil, salt, money.

There is rice in the pot. Akwai shinkafa a tukunya.

Amma da zarar an ambaci buhu ko kwalba, ƙirga ta dawo, domin yanzu buhunan ake lissafawa:

There are two bags of rice in the shop. Akwai buhu biyu na shinkafa a shago.

People ita ma a yi hattara da ita. Ba ta da s a ƙarshe, amma jam'i ce: There are many people in the market.

"Babu" ba ta da wuya, no kawai za ku ƙara. There is no fuel, babu mai. There is no change, babu canji. Tambaya kuma juya kalmomin biyu ake yi, is ko are ta shige gaba. Ga wata Hajiya a tashar mota:

Hajiya: Is there a car to Zaria?
Kamasho: Yes, Hajiya, there is.
Hajiya: Are there seats in front?
Kamasho: No, there aren't.

Ku lura kamasho bai maimaita dukan jimlar ba. Haka ake amsawa, a taƙaice. Aren't ɗin da ya faɗa are not ce aka dunƙule, there aren't kuwa "babu" ke nan. A maganar baka kuma za ku riƙa jin there's, wato there is ce aka dunƙule.

Aiki

Ku cike da is ko are:
There ___ water in the pot.
There ___ five children in the room.
There ___ no money in my pocket.

Sannan kowa ya dubi ajin nan ya rubuta jimla uku a kan abin da ya gani, ɗaya daga ciki ta zama ta "babu".